Buhu Mai Kilo 100 da Bayan Talaka

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wani al'amari da ba a taɓa sa shi a ajandar taron ƙungiyarmu ba, ko da ya ke shi ne ya biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta. Al'amarin kuwa shi ne ƙugun manomi da wuyan ɗan dako.

A watan Janairu na 1922 ba a haife mu ba, amma a watan Janairu na 2022 muna nan da idanunmu lokacin da aka tara buhunan shinkafa a Abuja aka yi dala da su, aka kira 'yan jarida, aka yi jawabai a kan yadda ƙasa ta kusa ciyar da kanta. An yabi Babban Banki, an yabi shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Jihar Kabi a 2015, an yabi gwamnoni. Ban ji wanda ya tambayi wa ya ɗora buhunan nan a mota daga gona, wa ya sauke su, wa ya hau da su ƙololuwar dalar ba. Haka aka yi da dalar gyada ta Kano, wadda hotonta ke cikin littattafanmu na firamare. An koya mana cewa dala ɗaya ta kan ci buhu wajen 15,000, an koya mana sunan Alhassan Ɗantata, an koya mana cewa jirgin ƙasa ne ya kwashi gyadar zuwa Ikko, kuma fari na 1973 da cutar gyada ta 1975 ne suka rushe kasuwar. Ba a koya mana sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka taka buhu bisa buhu da wani buhun a ka ba. Su ne tsanin, su ne injin, kuma da suka tsufa ba wanda ya ji labarin yadda suka ƙare.

Ni na san yadda ɗaya daga cikin irinsu ya ƙare, domin ƙanen mahaifina ne. Da damina ya yi noma a gonar gandu, ya yi ƙwadago a gonakin masu hali. Da kaka ya ɗauki dami. Da rani ya tafi cirani kasuwar hatsi yana dako. Yana da shekara arba'in da 'yan kai, wata ranar kasuwa, ya sunkuya zai karɓi buhun masara daga bakin mota, ya ji wani abu ya tsinke masa a ƙugu kamar an soka masa mashi. Aka kai shi wurin maɗori, maɗori ya lalube shi ya ce ba karaya. Aka kai shi wurin wanzami aka yi masa ƙaho. Aka sayo man zafi. Daga baya zafin ya sauko ta cinya har zuwa yatsun ƙafa, ƙafar ta riƙa yin sanyi tana ja. Mai kayan da ya ke wa aiki ya aiko masa da kuɗin buhun da bai ƙarasa saukewa ba, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗauki wani. Yau Baffa da zaune ya ke salla. Babban ɗansa ya bar makarantar sakandare a aji huɗu, kuma kun san abin da ya ke yi yanzu? Dako.

In aka tambayi mutanen garinmu me ya sami Baffa, wasu za su ce sanyi ne, wasu su ce tsufa, wasu su rage murya su ce jifa. Ni na ce lissafi ne ya same shi, kuma lissafin ba ya da wuya.

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne jere bisa juna, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi a ciki, mai tauri a baki, wanda ke aikin gammo. Biyar na ƙasa, waɗanda ke ƙugu, su ke ɗauke da nauyin duk abin da ke sama. Idan mutum ya sunkuya ya ɗaga kaya, kayan suna can nesa da ƙashin bayansa da kamar kamu ɗaya, alhali naman da ke jan bayan ya miƙe yana manne da ƙashin, bai fi faɗin 'yan yatsu uku tsakaninsu ba. Duk wanda ya taɓa ɓanɓarar dutse da ƙarfe ya san abin da wannan ke nufi: gajeren ɓangare sai ya yi aiki ninkin-ba-ninkin kafin ya rinjayi dogo. Saboda haka naman baya ya kan ja da ƙarfin da ya ninka nauyin kayan sau takwas ko goma, kuma duk wannan matsi a kan faifan nan na ƙugu ya ke sauka. In aka haɗa da murɗa jiki, kamar yadda mai jefa buhu cikin mota ke yi, bakin faifan ya kan fara tsagewa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har ranar da abin da ke ciki zai bullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Ranar ce mutane ke kira ranar da tsautsayi ya faɗa. Tsautsayin ya daɗe yana tafe, buhu bayan buhu.

Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta auna wannan, ta ce matsin da ya wuce kimanin nauyin kilo 350 a kan faifan ƙugu ya fara zama haɗari, ta kuma tsai da kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata a ɗaga ko da komai ya daidaita, wato kayan na kusa da jiki, ba murɗawa, ba gaggawa. A Ingila, inda aka yi dokar ɗaukar kaya da hannu a 1992, jagorar hukumarsu ta ce kilo 25 ga namiji, kilo 16 ga mace, shi ma in kayan na daidai ƙugu. Wani zai ce waɗannan ƙasashe ne masu inji. To, mu koma 1967, lokacin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 127 a kan iyakar nauyi, ta bi ta da shawara mai lamba 128 wadda ta ce kada a ɗora wa ƙaton namiji fiye da kilo 55. Wannan shi ne mafi sassaucin awo da duniya ta amince da shi, kuma ya girmi iyayen wasunmu.

Yanzu ku shiga Dawanau, ko Maigatari, ko duk wata kasuwar hatsi da kuka sani. Buhun masara ko gero ko dawa kwano arba'in ne, wato kilo 100 ko kusa da haka. Buhun albasa kuma a kan cika shi a ƙara masa wani ɗinki a baki don ya ci fiye da cikinsa. Tirela mai ɗaukar tan 30 buhu 300 ke nan. In mutum goma suka sauke ta, kowa ya ɗauki buhu 30, tan uku a wuyan mutum ɗaya. In kasuwa ta yi kyau suka sami mota uku a yini, tan tara. A kan wane irin tudu su ke tafiya? Katako ɗaya aka jingina a bayan mota, yana lilo, ƙasa kuwa rami da kwata. Mutumin da zai ga an labta wa jaki mangalar da ta fi ƙarfinsa ya tsaya ya yi faɗa, shi ne zai zauna a benci yana shan lemo yana ƙirga wa ɗan Adam buhu.

Kada a ɗauka a kasuwa kaɗai abin ya ke. Kafin hatsi ya shiga buhu, an yi huɗa da garma, an yi noman firi da maimai da gajeriyar fartanya, mutum a duƙe tun hantsi har azahar. An ɗauko buhun taki mai kilo 50 daga bakin titi zuwa gona a ka ko a bayan keke. An ɗaure dami an jido shi zuwa rumbu. A fadamun Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ya mai da rani damina, ana dashen shinkafa da yankanta a sunkuye, ana jidar kwandunan tumatir a kan kunyoyi masu santsi. Sa'an nan mata, waɗanda ba wanda ke ƙirga aikinsu a cikin aiki: jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cif, ga itace, ga sussuka, ga daka, sau da yawa da goyo a baya ko da ciki a gaba. Yara kuwa, Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana a sa yaro ɗaukar abin da zai cuci girman jikinsa. Ku tsaya a bakin kowace gona da kaka ku ga yadda a ke bin dokar.

Ciwon kuma bai tsaya a baya ba. Akwai ƙaba da gwaiwa, waɗanda yunƙurin ɗaga nauyi ke tsananta su, waɗanda muka mai da abin barkwanci a wasan kwaikwayo alhali aikin tiyata ne su ke bukata, kuma in hanji ya shaƙe su kan yi kisa. Akwai gwiwa da ke cinyewa, akwai kafaɗa, akwai wuya. Akwai kuma wani abu da mu 'yan boko muka fi son mu yi wa'azi a kansa maimakon mu bi asalinsa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha magungunan kashe zafi irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba. Ba na cewa dukkansu leburori ne. Amma duk wanda ya zauna da masu ƙwadago ya san abin da a ke jefawa cikin shayi da asuba kafin a tafi gona, ya kuma san dalili. Jikin da ke ciwo an ce masa ya tashi ya ɗauki tan uku, sai ya nemi abin da zai toshe masa kunne daga jin kukan ƙashinsa. Zafi kuwa gargaɗi ne. In an kashe shi, sai mutum ya ci gaba da ɓarnar da zafin ke hana shi yi. Hukumar NDLEA ta kama yaron, mu tsine masa a rediyo, mai buhun kuwa ya je Umra.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su a ɗakin cin abinci. Ta farko ita ce mutanenmu ƙarfafa ne, sun saba. Gaskiya ne sun fi mu ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ɗan dako ya san dabarun aikinsa fiye da kowane malami. Amma ku duba shekarun waɗanda ke dako a kasuwa. Ina masu shekara hamsin? Ba ƙarfafa kaɗai muka haifa ba, ƙarfafa kaɗai suka rage a fili, sauran suna gida a kan tabarma inda ba mai ƙirga su. Wanda ya ƙirga masu tsallake rijiya ya manta da na ciki, ba shakka zai ce rijiyar ba ta da haɗari.

Ta biyu ita ce a wayar musu da kai, a koya musu su lanƙwasa gwiwa su miƙe baya. Wannan ita ce amsar da ma'aikatu suka fi so, domin tana kawo taron bita da kuɗin zama da hoton bango. Masu bincike sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan irin wannan horo, ba su sami shaidar cewa shi kaɗai yana rage ciwon baya ba. Dalilin a fili ya ke. Ba wata tsayuwa da za ta mai da kilo 100 abin da ya dace da wuyan mutum. Wa'azin lanƙwasa gwiwa hanya ce ta ɗauke laifi daga buhu a ɗora wa wanda ke ƙarƙashinsa.

Ta uku ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa 'yan dakon kansu ba za su yarda a rage buhu ba. Da gaskiyarsu. Da buhu a ke biyansu. In aka raba buhu biyu aka raba ladan biyu, tafiyarsu ta ninka, kuɗinsu na nan inda ya ke, yini kuwa bai ƙara tsawo ba. Duk wanda ya zo musu da ƙaramin buhu ba tare da maganar lada ba, yunwa ya kawo musu da sunan tausayi. Saboda haka maganar awon buhu da maganar lada tafiyarsu ɗaya. A Jihar Maharashtara ta Indiya, tun 1969 aka yi doka ta musamman domin masu dako, aka kafa hukumomi da ke rajistarsu, mai kaya ya biya lada ta hannun hukumar tare da wani ƙari da a ke tarawa domin magani da tsufa. Masu dakon ne suka yi gwagwarmaya suka samu, ba kyauta aka ba su ba. A Kenya kuwa, a 2019 aka yi ƙa'idar da ta tsai da buhun dankalin Turawa a kilo 50, domin dillalai sun daɗe suna sayen ƙaton buhu da kuɗin ƙarami. An sha wuya wajen tilasta ta, amma ta tona wani asiri da ya shafe mu: ƙaton buhu cuta biyu ce. Yana karya bayan ɗan dako, yana kuma cin haƙƙin manomin da a ke saye a hannunsa da ido, ba da sikeli ba. Wanda ke amfana da shi mutum ɗaya ne, na tsakiya.

Maganar fartanya kuma tana son natsuwa. A Jihar Kalifoniya ta Amurka an hana amfani da gajeriyar fartanya a gonakin ƙwadago a 1975, bayan ma'aikatan gona 'yan asalin Meziko sun kai ƙara har kotun ƙolin jihar, likitoci suka ba da shaida a kan abin da ta ke yi wa baya. A can masu gona ne ke tilasta ta, har an ce suna son ta domin daga nesa su gane wanda ya miƙe ya huta. A nan ba wanda zai aiko ɗan sanda ya ƙwace wa manomi fartanyarsa, kuma wanda ya ba da wannan shawara bai san ƙasar laka ba. Amma ba sai mun je Amurka neman misali ba. 'Yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi da Damagaram, inda ƙasa ke da yashi, sun daɗe suna noma da hauyar tsaye, mai doguwar ƙota, mutum na tura ta yana tafiya a miƙe. Garmar shanu kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, muna da cibiyar injunan noma ta ƙasa a Ilori, muna da sassan injiniyan gona a jami'o'i, kowace shekara ɗalibai na ƙera injin sussuka da na casa domin samun digiri. Je ka bayan sashen ka gan su jere suna tsatsa. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da juyin noma na Shagari a 1980, har zuwa yau, kowace gwamnati tarakta ta ke sayowa a yi bikin rabo. Amalanke, baro mai taya biyu, dakalin lodi, ƙaramin injin da maƙerin ƙauye zai iya gyarawa, waɗannan ba su da kamasho, don haka ba su da uban gida.

Doka fa? A takarda Baffa yana da gata. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta ce ma'aikaci ya haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba da takarda ba, da na wucin gadi, da na sana'o'in da ba su da rajista, kuma mai ɗaukar aiki ne zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi. Ku nuna mini ɗan barema ɗaya da ya taɓa jin sunanta. Wa zai yi masa rajista? Wa ma zai amsa cewa shi ne mai ɗaukarsa aiki, tun da yau a gonar wannan ya ke, gobe a ta wancan? Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 kuwa ba ta ɓoye fuskarta ba: ta fitar da masu aikin jinga, ta fitar da masu aikin gona na lokaci-lokaci, ta fitar da duk wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Da aka yi ta kai ruwa rana a 2024 har aka tsai da naira 70,000, mun yi tafi, ni ma na yi. Amma yaƙin masu albashi ne, kuma waɗanda suka noma abin da za a saya da albashin ba su cikin ɗakin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba wajen naƙasa mutane a duniya. A asibitocinmu na karkara kuwa, manomi ya zo a duƙe, a rubuta masa ƙwaya, a sallame shi, ba a rubuta sana'arsa ba balle abin da ya ke ɗauka. Abin da ba a rubuta ba, ba ya shiga rahoto. Abin da bai shiga rahoto ba, ba ya shiga kasafi. Ga wurin da ku, yayyenmu sababbin ma'aikata, kuke da hannu, ko da kuna ganin kujerarku ƙarama ce. Gwamnati na cikin manyan masu sayen hatsi a ƙasar nan, domin rumbunan ajiya, da agajin gaggawa, da rabon azumi. Akawun da ke tsara takardar kwangila na iya sa layi ɗaya da ke cewa buhu kada ya wuce kilo 50, kuma ladan lodi da saukewa a biya shi a kan tan. Ƙaramar hukumar da ke karɓar harajin kowace mota a kasuwa na iya gina dakali daidai tsayin bayan tirela, da gangare mai sauƙi, yadda baro zai shiga ya fita. Kuɗinsa bai kai na ƙofar sakatariya mai ado ba. Jami'in lafiya na iya ƙara gurbi ɗaya a katin marar lafiya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran Majalisar Tarayya.

Mu kuma ɗalibai, mun iya rufe ƙofar jami'a saboda wuta da ruwa da kuɗin rajista, kuma ban ce ba mu da gaskiya ba. Amma jami'a na da gona, tana da leburori, tana da sito, motar abinci na zuwa ɗakin girki, kuma na tsaya na ga dattijon da ya haifi sakataren ƙungiyarmu a shekaru yana sauke buhun wake shi kaɗai, mu kuwa muna layi da faranti. A zaman majalisar ɗalibai mai zuwa zan gabatar da ƙuduri mai sassa uku: ƙungiya ta nemi hukumar jami'a ta daina karɓar buhun da ya wuce kilo 50 a sitonta da gonarta; ɗaliban likitanci da na aikin gona su haɗu a hutun ƙarshen shekara su ƙirga masu ciwon baya da ƙaba a ƙauyuka uku da ke maƙwabtaka da mu, su buga sakamakon da Hausa; kuma injunan da ke tsatsa a bayan sashen injiniya a zaɓi waɗanda ke aiki a kai su ga ƙungiyoyin manoma aro. Ina bukatar mutum biyu su mara wa ƙudurin baya kafin a karɓe shi. Ɗakina na hawa na biyu ne, kusa da famfo, kuma bayan sallar isha'i ina nan.